Abin da jini ke faɗa kafin mura ta kayar da mutum

A karar Dei-Dei da ke Abuja na taso ina bin Baba. Shi da ya kalli idon saniya da hancinta ya san lafiyarta. To, mutum ba haka yake ba.

A 2020, lokacin korona, mura ta kama Baba da wani abokin cinikinsa. Abokin ya warke cikin mako guda. Baba kuwa, a kwana na takwas numfashi ya fara gagararsa. A asibiti aka ce za a ɗebi jininsa, ya ce atafau, wai sayarwa suke yi. Da ƙyar muka lallashe shi.

Likitar ce ta zaunar da ni ta yi min bayani. Ba ƙwayar cutar kaɗai ke kisa ba. Wani lokaci garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri ta kumbura huhu, kamar makiyayin da ya kunna wuta don korar kura ya ƙone rugarsa. Jini ne ke tona wannan.

Na farko akwai CRP, sinadarin da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki. Na biyu, fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait, waɗanda kan ragu idan ciwo ya yi tsanani. Na uku D-dimer, mai nuna jini ya fara gudaji a jijiyoyi. Amma zazzaɓin cizon sauro ma yana ɗaga CRP, shi ya sa likita ke haɗawa da awon iskar oksijin a yatsa kafin ya yanke hukunci.

Amfanin sanin haka shi ne magani. A Yunin 2020 binciken Jami'ar Oxford ta Ingila ya nuna dexamethasone ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu korona da ke kan na'urar numfashi, amma bai amfani waɗanda ba sa buƙatar oksijin ba. Don haka kar ka je kemis ka saye shi don mura.

Baba ya tashi, alhamdulillahi. Hunturu na tafe, jama'a. Idan tari da zazzaɓi suka haɗu da haki, musamman ga tsoho ko mai ciwon suga, a kai shi asibiti, a kuma bari a ɗebi jinin. Allah ya ƙara mana lafiya.