Harbin ƙaramar bindiga: yadda gwanaye ke sarrafa turin baya

A wasannin Olamfik na Paris 2024, an yi gasar harbi a garin Shatoru. Cikin rukunan akwai wanda ɗan wasa ke harbin alluna 5 daga nisan mita 25, da hannu ɗaya, cikin sakan 8, sannan 6, sannan 4. Wanda bai iya sarrafa turin bindiga ba, lokaci zai ƙure masa.

Idan harsashi ya fita, bindiga takan tunkuɗo baya. Da yake bututunta yana sama da hannu, sai bakinta ya ɗaga. Ƙarfin tuwo ba ya hana wannan motsi. Gwani yakan kama mariƙin can sama, ya ƙage wuyan hannu, ya matsa daidai wa daida a kowane harbi, don bakin ya koma inda ya baro.

Sau da yawa kuskure daga yatsa yake. Mai fargabar ƙara yakan fizgi kunama, ko ya danne baki tun harsashi bai fita ba. Shi ya sa masu horarwa ke sa atisaye ba harsashi: jan kunama a hankali, ido a kan saiti. Ko a lokacin, ba a nuna mutum da bakin bindiga.