Laka Mai Zaƙi

A zangon karatu da ya wuce malaminmu na tarihi yana yi mana bayanin Masar ta zamanin Fir'auna, sai ya ce akwai mutanen da har yau suke cin laka sau ɗaya a shekara don tunawa da wannan zamani. Aji ya bushe da dariya. Da muka yi shiru ya ce ba lakar rafi yake nufi ba, wani abinci ne na Yahudawa da ake kira haroset. Sunan ya fito ne daga kalmarsu ta Ibrananci mai nufin yumɓu.

Ga yadda abin yake. Yahudawa suna da wani idi da ake ce wa Idin Ƙetarewa. Yakan fara ran 15 ga watansu na Nisan, watau cikin Maris ko Afrilu, su yi kwana 7 ko 8 suna yinsa. Tunawa suke da fitar Bani Isra'ila daga Masar tare da Annabi Musa, alaihissalam. A daren farko iyali sukan taru, a ajiye faranti, kowane abu da ke cikinsa da ma'anarsa. Akwai gurasa wadda ba a bari ta tashi ba, don kakanninsu sun fita da gaggawa. Akwai ganye mai ɗaci kamar shuwaka, don ɗacin bauta. Sai haroset, wanda yake tsaye a madadin ƙasar ginin da Fir'auna ya sa su kwaɓawa. Sukan tsoma ganyen nan mai ɗaci a cikinsa, sa'an nan su ci.

Kowace ƙasa da irin nata. Yahudawan Turai sukan yi da tuffa da kirfa da wata irin gyaɗa ta bishiya, su zuba giyar inabi. Na Iraƙi sukan dafa dabino har ya zama kamar zuma. Na Maroko kuwa sukan cura shi ƙanana-ƙanana. Wani babban malaminsu da ya zauna a Masar, Musa ɗan Maimuna, wanda ya rasu a 1204, ya rubuta cewa a daka dabino ko ɓaure ko busasshen inabi, a zuba ruwan tsami, a sa kayan ƙamshi su yi kama da ciyawa cikin ƙasa. Wannan ne ya fi shiga raina. Duk wanda ya tashi a Diggi ya ga magina da rani suna tattaka ƙasa da ciyawa kafin su yi tubali, ya kuma san aiki ne mai karya ƙugu. To, ina ga wanda ake sa shi yi da bulala, ba ko sisi?

Da na koma gida hutu, Cika-ciki ya kusa. Na tuna mu ma azumin Ashura da muke yi ran 10 ga Muharram saboda kuɓutar Annabi Musa ne, kamar yadda ya zo cikin Buhari da Muslim. Sai na ce bari in gwada abincin nan a daren.

Nan fa aka yi ta. Kakata ta ce, "Ke kishiya, abin da bokon ya koya miki ke nan? Abincin Yahudu a turmina?" Ta ɗauke taɓarya ta kai ɗaki. Na je na durƙusa gaban Baba na faɗa masa duk abin da za a sa. Ya yi shiru, can ya ce shi abu biyu ya sani: kada giya ta kusanci gidansa, kada kuma in ɗauka ibada nake yi. In dabino ne da gyaɗa, ai tun kafin a haife ni ake cinsu.

Na auni dabino gwangwanin madara 4, irin busasshen nan da fatake ke kawowa daga Nijar. Na cire ƙwallayen, na duba ciki ɗaya-ɗaya saboda tsutsa, na jiƙa shi da ruwan ɗumi tun hantsi. Na soya gyaɗa gwangwani 2, na murje, na fece. A madadin ruwan tsaminsu na jiƙa tsamiya kaɗan na tace. Dabinon ake fara dakawa shi kaɗai har ya yi danƙo, sa'an nan a zuba gyaɗa. Kada a bari gyaɗar ta yi laushi ƙwarai, in ba haka ba ta fid da mai, ka koma yin ƙuli-ƙuli. Daga nan sai citta da kanumfari, da zuma cokali 2. Kirfa kuwa karya ta ake yi siriri-siriri, don ita ce ciyawar.

A wajen tsamiya na yi kuskure. Na tuttula ta gaba ɗaya, abu ya tsinke ya koma kamar kunu. Dole na ƙara soya gyaɗa, ƙannena suna ta yi mini dariya. Cokali-cokali ake zubawa, ana juyawa, har in ka ɗebo da muciya ka kife ba zai zubo ba. Kamanninsa kam ba su da kyau ko kaɗan. Wanda bai sani ba sai ya ce yaɓen ɗaki za a yi.

Bayan magariba aka ci tuwo da wutsiyar ragon layya, kowa ya ƙoshi. Na kawo nawa a akushi. Ƙanena ya tambayi dalilin da ya sa ya yi kama da laka, Baba da kansa ya shiga ba su labarin Fir'auna da Hamana da tsagewar teku, har aka kira isha'i ba wanda ya motsa.

Kakata ce ta ƙarshe da ta sa hannu. Ta tauna, ta tauna, ta ce, "Wannan ai daƙuwa ce da ta yi arziki." Ta kuma ce citta ta yi kaɗan, baɗi ita za ta daka.