Makogwaro Biyu: Shata na Musawa da Wunderlich na Jamus

Ko ka san cewa Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, tallar goro da alewa ya fara yi kafin a san shi da kalangu? Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya zama mawaƙi ba, don a ganinsa roƙo ne. Sai ga shi a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ya koma Dakta Shata.

Can a Jamus, Fritz Wunderlich, ɗan garin Kusel da aka haifa a 1930, gidan burodi ya yi wa aiki yana saurayi. Daga baya ya zama zakara cikin maza masu zaƙin murya a opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da waƙa. Mawaƙin opera ba ya riƙe makirufo. Da ƙarfin ƙirjinsa muryarsa za ta keto kiɗan gomman makaɗa, har na kujerar ƙarshe ya ji raɗau. Wunderlich ya koyi busa ƙaho a Freiburg, ana kuma danganta tsawon numfashinsa da wannan.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda kowannensu ke samun waƙarsa. Bajamushen sai ya haddace abin da irin su Mozart suka rubuta tun 1791, ya yi ta gwaji kafin ya hau dandali. Shata kuwa ba takarda, ba gwaji. Zai jefa wa 'yan amshi amshinsu, makaɗa su matse kalangu a hammata, baitoci su yi ta zubowa nan take, da sunan wanda ya shigo fili yanzun nan a ciki. Shi ya sa waƙarsa Bakandamiya ta wannan faifan ba ta zama ɗaya da ta wancan ba. Wannan baiwa, wallahi, ta fi ƙarfin makaranta.

Kumbon Apollo 11 da ya kai mutum duniyar wata a 1969 ma Shata ya yi masa waƙa.

Wunderlich daga matakalar bene ya faɗo a Satumbar 1966, ya rasu a Heidelberg yana da shekara 35, saura 'yan makonni ya fara waƙa a babban zauren Metropolitan na New York. Shata ya rasu a Yunin 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar.