Jakar Da Ta Ba Ni Kunya Bayan Biki

Shekarata tara ina sayar da jakunkuna da takalman mata a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, amma babban darasin sana'ar nan a lefen ɗan wana na koye shi.

Yaron ya zo shago ya ce, "Gwaggo, so nake a buɗe akwatin nan kowa ya yi shiru." Kuɗinsa kuwa ba su taka kara sun karya ba. Na zaɓo masa jakunkuna huɗu, biyu da tambarin Louis Vuitton, biyu da na Chanel. Ban ce masa na asali ne ba, ban kuma ce jabu ne ba. Shiru na yi.

Wata uku da tarewa, hannun ɗaya ya fara saɓa kamar maciji. Uwar amarya ta kira ni: "Haba Hajiya, ashe haka za mu yi da ke?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe dangin amarya sun yi ta yayatawa cewa kayan Faransa aka kawo musu.

Tun daga ranar na raba kayana gida biyu. Akwai mai kama: jakar da ta ɗauki siffar ta manyan kamfanoni, amma ba ta ɗauke da sunan kowa. Akwai kuma jabu, wadda aka manna wa tambarin da ba nata ba. Ta farko ciniki ce, ta biyu kuwa algus ce in har mai saye bai sani ba. Dukansu yawanci daga kasuwannin fata na yankin Baiyun a birnin Guangzhou na ƙasar Sin suke fitowa, aji-aji, gwargwadon kuɗinki.

Kwaikwayon nan ba yau aka fara ba. Zanen haruffan LV ɗin nan a 1896 Georges Vuitton ya fito da shi, don ya toshe wa masu kwaikwayon akwatunan mahaifinsa hanya. Jakar Birkin ta Hermès kuwa ta haura dala 10,000 a shagonsu. To wace amarya ce za a sa wa huɗu a akwati? Ba abin kunya ba ne mace ta riƙe daidai ƙarfinta.

Masu tafiye-tafiye kuma a yi hattara. Kwastan na Faransa suna ƙwace jabu ko da guda ɗaya ce a kafaɗarki, kuma tarar tana iya kai ninki biyu na kuɗin ta asali. Mai kama marar tambari ta fi kwanciyar hankali.

In za ki saya, 'yar'uwa, manta da tambari, dubi aiki. Ja zik sau biyar ki ji ko yana cijewa. Leƙa ɗinkin da ya haɗa hannu da jiki, nan ne take fara mutuwa. Shinshina: fata ƙamshin fata take yi, roba kuwa warin gam. Ta roba ba ta jure zafi da laimar bakin teku, don haka kada ki ɗaure ta a leda. Cusa mata takarda ki ajiye inda iska ke ratsawa.

Yanzu har jakunkunan dukawan Kano nake sarowa. Fatar jan akuyar Sakkwato ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, mu kuma muna raina ta a gida.

Amaryar nan na canza mata jaka daga aljihuna, marar tambari. Shekara biyu ke nan tana riƙe da ita. Duk wadda ta tambaye ni yanzu, "Hajiya, orijina ce?" sai in ce, "A'a, mai kama ce, amma za ta yi miki ƙarko." Wasu su wuce, wasu su saya. Waɗanda suka saya su ne suke dawowa da ƙawayensu.