Zoɓorodo, Jan Abin Sha na Ƙasar Haɗejiya

Mutanen Faransa da Italiya suna alfahari da jan inabinsu, har kowane iri da sunansa da tarihinsa. To, mu ma a nan ƙasar Haɗejiya muna da namu jan abin sha, ba ya kuwa sa maye, watau zoɓorodo, wanda yanzu aka taƙaita sunansa zuwa zoɓo.

Sunan tsiron yakuwa. Ganyensa shi ne na miya, mai ɗan tsami. Jan kwanson da ke lulluɓe da 'ya'yan shi ne zoɓorodo. Ƙwayar kuwa ita ce gurguzu, wadda mata ke dafawa su yi daddawa. Masana da yawa sun ce asalinsa Afirka ne, daga nan ya ƙetara teku. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, mutanen Meziko kuwa suna kiran ruwansa da sunan tsibirin Jamaika, alhali kuwa wani kaso na abin da suke jiƙawa daga Jihar Jigawa ya fito.

Wanda ya san Baturiya zai zaci a fadama ake noma shi. A'a. Yakuwa ba ta son ruwa ya kwanta mata, tudu mai rairayi take so, shi ya sa kakanninmu suka riƙa shuka ta a gefen gonar gero. Ana shuka ta da damina, amma ba ta fure sai yini ya fara gajarta, a tsinke ta da kaka. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar Kogin Haɗejiya ta sake hali, wanda ya dogara ga fadama kaɗai ba ya da tabbas. Saboda haka amfanin tudu irin wannan ba abin rainawa ba ne.

Amma fa inda muke hasara wajen shanya ne. Sai mutum ya sha wahalar ɓare kwanso da hannu, sa'an nan ya baza shi a ƙasa, yashi ya shiga, ko ya ɗura a buhu da sauran danshi, ya yi fumfuna. 'Yan kasuwar waje kuwa in suka ga ƙwaro a buhu ɗaya, sai su ƙi kayan duka.

Muna roƙon malaman makaranta su ware kunya biyu ko uku a lambun makaranta, yara su shuka, su tsinka, su shanya bisa tabarma, har kwanso ya bushe ƙarau kafin a kai shi rumbu.