Mesotiliyoma: Dajin tantanin huhu da ke ɗaukar shekaru kafin ya bayyana

A shekarar 1960 wani likita a Afirka ta Kudu, J.C. Wagner, da abokan aikinsa suka wallafa rahoto kan mutum 33 da suka kamu da ciwon daji a tantanin da ya lulluɓe huhu. Kusan dukkansu sun taɓa shaƙar ƙurar asbesto, ma'adinin da ake yin kwanon rufi da silin da bututun ruwa da shi. Wannan cuta ita ce mesotiliyoma.

Zaruruwan asbesto kan maƙale a ƙirji, su yi shekara 20 zuwa 50 kafin cutar ta bayyana. Takan fara da sarƙewar numfashi, ciwon ƙirji, tari da rama, sannan ruwa ya taru a gefen huhu. Waɗannan alamomi sun yi kama da na tarin fuka. A ƙasa irin Najeriya, inda tarin fuka ya yawaita kuma tsofaffin gine-gine ke ɗauke da silin asbesto, abu ne mai sauƙi a ɗora majiyyaci kan maganin da ba nasa ba.

Shi ya sa tambayar farko ke da nauyi: wace sana'a ka yi a ƙuruciya? Kafinta, magini, mai gyaran birki, har matar da ke wanke kayan aikin mijinta, duk suna cikin haɗari. Daga nan sai hoton ƙirji da na CT, a zuƙi ruwan a gwada. Tabbaci kuwa yawanci sai an yanko ɗan tantanin an duba shi a ɗakin gwaje-gwaje.

Da wuya a warke sarai, amma magani na tsawaita rai. Tun 2004 ake haɗa pemetrexed da cisplatin. A 2020 Amurka ta amince da nivolumab da ipilimumab, masu zaburar da garkuwar jiki. A gwajinsu, matsakaicin rayuwar majiyyata ya kai wata 18, maimakon 14. Akan kuma janye ruwan, a liƙe tantanin da hodar talk don numfashi ya samu.

Birtaniya ta haramta asbesto a 1999, amma har yanzu cutar na kashe fiye da mutum 2,000 a can duk shekara. Don haka kada a fasa tsohon silin ko a yanka shi a bushe. Wanda ya taɓa aiki da asbesto kuma numfashinsa ya fara sarƙewa, ya gaya wa likita tun ranar farko.