Yadda Ake Koyon Ibrananci Bisa Kalandar Idi, Da Darasin Da Ke Ciki Ga Tasawa Da Mayahi

Duk malamin yaƙi da jahilci a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi ya san wata damuwa guda. Da rani ɗalibi ya ƙware, ya karɓi takardarsa. Da ruwa ya sauka sai ya ɗauki hauya ya nufi gona, kafin kaka ta kewayo rabin baƙaƙen sun gudu daga kansa. Wannan ciwo ba namu ba ne mu kaɗai. Bari mu duba yadda masu koyar da Ibrananci, harshen Yahudawa, suka nemi maganinsa.

Ɗaruruwan shekaru Ibrananci ya yi a matsayin harshen addu'a da littafi, ba a ciniki da shi a kasuwa, ba a renon yaro da shi. A 1881 wani malami, Eliezer Ben-Yehuda, ya sauka Birnin Ƙudus, ya yanke cewa a gidansa ba za a yi magana da wani harshe ba sai shi. Ya ƙago sunayen kayan zamani, ya shiga haɗa babban ƙamus. A 1922, shekarar rasuwarsa, Ingila mai riƙon Falasɗinu ta amince da Ibrananci cikin harsunan hukuma tare da Larabci da Turanci. A 1949 kuma aka buɗe makarantar manya ta farko da ake kira ulpan a Birnin Ƙudus, inda baƙi ke zama wajen wata biyar. Baƙaƙen 22 ne, daga dama zuwa hagu ake rubuta su, tamkar ajaminmu.

Abin lura a nan shi ne, darasi yana tafiya tare da kwanakin shekara. In sabuwar shekara ta gabato, wato Rosh Hashana, ɗalibi zai koyi rosh, kai, da shana, shekara, sa'an nan ya tsoma tuffa cikin zuma a gida yana kiran sunayensu. Ran 10 ga wannan wata sai Yom Kippur, ranar azumi, da suke kira tsom. Bayan kwana biyar sai Sukkot, idin kaka: kowane gida ya kafa rumfa mai rufin reshe, a ci abinci cikinta kwana bakwai, a nan kuma ake koyon sunayen itace da na amfanin gona. A idin Pesah ana cin gurasa marar yisti, kuma ƙaramin yaron gida ne ke tashi ya yi tambayoyi huɗu kan ma'anar daren. Kalmar da mutum ya ci, ya taɓa, ya rera gaban iyalinsa, da wuya ta ɓace masa, balle ga shi baɗi idin zai komo da ita.

Bahaushe ba baƙo ba ne sarai a wannan fage. Masana sun sa Hausa da Larabci da Ibrananci cikin babban dangin harsuna ɗaya. Inda muke cewa mutu, su mut suke cewa. Harshe kuwa lashon. Asabar da muka aro daga Larabci tushensu ɗaya da Shabbat, ranar hutunsu, haka ma azumi da tsom. Mu kanmu ba a aji muka koyi zakka da layya da sahur ba, lokacinsu ne ke kawo su bakinmu kowace shekara.

To, mene ne ya hana karatun boko na Hausa bin wannan hanya? Kalandarmu cike take. Da shuka, ɗalibi ya rubuta ranar ruwan farko da tiya nawa ta iri ya zuba. Da kaka, ya lissafa damman hatsin da suka shiga rumbu da abin da ya fitar na zakka. Matan kwarin Gulbin Kaba masu saƙa tabarmar kaba su riƙe littafin ciniki da na adashi. Ranar suna a rubuta sunan jinjiri da kwanan wata. Cikin azumi samari su rubuta waƙoƙin tashe da suka ji wurin magabata, ranar cika-ciki da ta salla kuma a aika wa ƴan'uwa da ke ci-rani gaisuwa a rubuce, ko ta wayar salula ce.

Tun da aka tsayar da Hausa harshen ƙasa a 2025, nauyin ya ƙaru bisa shugabannin gundumomi da masu kula da cibiyoyin karatu. Wannan aiki ba ya bukatar sabon gini, littafin rubutu da alƙalami sun isa, in dai malami ya tsara darasinsa bisa watannin garinsa. Amfanin ilimi aiki da shi. Allah ya sa mu dace, amin.